Kaifin Takalmin Signy

Ranar da Efren Magsino ya fara ganin Signy Thorvaldson, tsawa ta daka masa.

A ɗakin kayan 'yan wasa ne, ƙarƙashin filin hokin ƙanƙara na wata jami'a a Minnesota. In ya fito daga aji, nan yake aiki. Ya wanke riguna, ya naɗe sanduna, ya yi wa ƙarfen takalma washi. Ya gama da takalman 'yan mata ashirin da biyu, ya kai hannu kan na ƙarshe.

"Kai! Ajiye min kayana."

Ya waiga. Doguwa ce, gashi kamar gemun masara, da tabo a haɓa. Sabuwar 'yar wasan da aka ɗauko daga Kanada, mai lamba goma sha bakwai.

"Washi zan yi masa."

"Wa ya aike ka?"

"Aikina ne."

"To ka yi wa na sauran. Nawa mutum ɗaya ke taɓa shi a duniya, kuma ba kai ba ne."

"Saurayinki?"

"Ubana."

Ta rungume takalmanta kamar jariri. A bakin ƙofa ta tsaya. "Kai ka ma iya sulu a kan ƙanƙara kuwa?"

"Ban taɓa gwadawa ba. Ina ɗan shekara goma sha uku muka zo daga Filifin. Na ga yadda mutane ke faɗuwa, na ce na gode."

Ta so ta ɗaure fuska, dariya ta ƙwace mata. Shi ke nan. Yaro ya kamu.

Ubanta Baldur masunci ne a Arnvik, ƙaramin gari a bakin Tafkin Winnipeg. Da rani ya shiga jirgin ruwa, da sanyi ya fasa ƙanƙara ya saka taru a ƙarƙashinta. Ba ya maimaita magana. Tun Signy na 'yar shekara huɗu yake wasa mata ƙarfe a rumfar kifinsa, da injin da ya haɗa da hannunsa. Da ta tafi jami'a bai fasa ba. Ƙarfen irin wanda ake zarewa a sa wani ne. Duk mako biyu ƙunshi zai iso ta gidan waya, ƙarafa naɗe cikin tsohuwar jarida suna ƙarnin kifi, ita kuma ta mayar masa da waɗanda suka dakushe.

Babu wanda bai san wannan ba a Arnvik. In ta ci wasa, maza a shagon kofi su ce, "Washin Baldur ne." Shi kuwa ya kurɓi kofinsa. Amma ranar ba ya yi wa kowa faɗa.

Efren ne ke karɓar ƙunshin a jami'a. Ta nan magana ta shiga tsakaninsu. Ta sa masa suna Maƙeri, ya sa mata Sha-bakwai. Yaran yanzu ba su iya magana baki da baki ba, sai da yatsa.

"Maƙeri, ƙunshina ya iso?"

"Ya iso. Magen unguwa ta rako shi har ƙofa."

"Ka zagi kifin ubana ka gani."

"Ni? Duk abin da ya fito daga gidanku ina so."

"Duka?"

"Musamman mai tabo a haɓa."

Minti goma suka wuce. Sannan ta rubuto: "Je ka wanke safa."

Ranar Lahadi uwarsa, wadda ke aikin jinya a asibitin garin, takan soya taliya da kaji ta ce ya kai wa doguwar yarinyar nan. Signy ta cinye a tsaye, ta suɗe cokali. Kafin sanyin shekarar ya wuce, 'yan ƙungiya sun daina tambayar abin da ke tsakaninsu.

A farkon shekararta ta biyu aka kira ta sansanin horon ƙungiyar ƙasar Kanada. Kwana tara ta yi aka sallame ta. Koci ya ce tana da hannu, tana da ido, amma ƙafarta ta yi nauyi.

Ta dawo ta zauna a kan kwandon riguna, ba ta cire jaka daga kafaɗa ba. Efren ya kashe injinsa. Akwai maganar da ya shekara yana haɗiyewa.

"Sha-bakwai, zan faɗi wani abu. Ki yi alkawari ba za ki jefe ni da sanda ba."

"Ban yi ba. Faɗi."

Ya ɗauko ƙarfe ɗaya daga cikin jarida, ya juya shi sama. Ƙasan ƙarfe ba a shimfiɗe yake ba. Kwarmi ake yi masa a tsakiya, kaifi biyu a gefe.

"Dubi zurfin kwarmin nan. A garinku ƙanƙara tauri gare ta kamar dutse, sai da irin wannan cizon za ki tsaya. Nan fa? Ɗaki ne mai ɗumi, mutum dubu huɗu suna numfashi a ciki. Ƙanƙarar taushi gare ta. Ƙarfenki nutsewa yake yi kamar garma a laka. Sauran suna sulu, ke noma kike yi."

Ta miƙe. "Kana cewa ubana bai iya aikinsa ba?"

"Ya fi ni iyawa sau goma. Ban taɓa ganin kaifi biyu da suka daidaita kamar nasa ba. Amma tafkinku yake yi wa washi."

"Wanda bai taɓa taka ƙanƙara ba shi zai koya wa Baldur Thorvaldson!"

Ta buga ƙofa. Kwana uku ko gaisuwa.

Rana ta huɗu ta ajiye ƙarfe biyu a gabansa, ba ta dube shi ba. "Sau ɗaya tak."

Ya rage zurfin, ya goge, ya miƙa mata. Ya tsaya a bakin fili yana kallo. Zagaye na farko ta yi shi da tsoro. A na biyu ta saki jiki, ta wuce kyaftin ɗinsu kamar an harba ta. Koci ya dubi agogonsa, ya girgiza shi, ya sake dubawa.

Bayan horo ta same shi, idonta ja.

"Kamar an kwance min dutse daga ƙafa."

"To sai ki gaya masa."

"Ba ka san shi ba, Efren. Bai taɓa buɗe baki ya ce yana sona ba. Ƙarfe yake aikowa. In na ce ba na so, me na bar masa?"

Suka shirya a tsakaninsu. Ƙunshi ya iso, Efren ya sake washin, ta yi wasa da shi. Kafin ta mayar, ya dakusar da ƙarfen yadda tsoho ba zai gane ba. Nan suka yi kuskure. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Amma yarinyar ta tashi. Shekarar nan sau talatin da ɗaya ta jefa faifai, ƙwallon hoki, a raga. A ta uku jami'arsu ta ɗauki kofin jami'o'in Amurka, ita ta jefa faifan ƙarshe a raga da haƙori ɗaya a karye. Ƙungiyar ƙasa ta sake kiranta, wannan karon ba a sallame ta ba. Ta sa jar riga mai ganye a ƙirji, ta je gasar duniya, suka kai wasan ƙarshe, Amurka ta doke su. Ta dawo da lambar azurfa, ta jefa ta cikin akwatin safa. A shekara ta huɗu 'yan jami'a suka naɗa ta kyaftin. A Arnvik aka rubuta sunanta a allon bakin gari, ƙarƙashin sunan garin.

Wata ranar kaka, ganye na zuba, Efren ya tsayar da ita a hanyar aji.

"Sha-bakwai, ina so in aure ki. Na tsara jawabi, ya gudu."

"Bar shi ya gudu. Na yarda tun bara, kai ne mai nawa." Ta riƙe hannunsa. "Amma sai Baba ya yarda. Ba zan shiga coci ba sai hannuna na cikin nasa. Wannan ba wasa nake ba, Maƙerina."

Da Kirsimeti ta kai shi gida. Baldur ya dube shi daga takalmi zuwa hula.

"Ka iya sulu?"

"A'a, Baba."

"Kifi fa?"

"Ci kawai."

Runa, uwar Signy, ta yi dariya har ta riƙe tebur, ta yanko masa kek ɗinta mai hawa bakwai. Baldur bai yi dariya ba. Shi tuntuni yana da nasa zaɓin, Lorne Eyolfson, ɗan amininsa, ƙato mai jirgin kansa, wanda ya yi ta bin Signy tun suna sakandare.

Efren ya ce a ransa zai bari sai bayan biki ya yi maganar aure.

Washegarin Kirsimeti al'ada ce duk gari a fita filin ƙanƙara. Rumfar kwano ce, ba abin ɗumama ta, sanyin ciki ya fi na waje. Aka ce 'yar gari ta shiga ta nuna wa yara yadda ake yi. Signy ta ɗaura takalmanta. Ta manta cewa ƙarfen da ke jiki washin Efren ne.

Lorne ya zo ya jingina kusa da Efren a bakin katanga.

"Kai ne mai wankin safar? An ce ka iya ninke riga."

"Ina taɓawa."

"To in kun yi aure wa zai riƙe wa a kan ƙanƙara? Ko keken guragu za a saya maka?"

Efren ya yi murmushi, ya kama bakinsa.

Signy ta taho a guje, ta zo kwana, ta karkata yadda ta saba. Ƙarfe ya ƙi cizo. Ta zame ta tafi da baya har ta daki katako. 'Yar wasan ƙasa, a gaban garinsu, ba wanda ya taɓa ta.

Ba ta ji ciwo ba. Ta fito tana dariyar kunya, ta zauna ta cire takalmin. Lorne ya riga kowa ɗauka. Ya shafa da babban yatsa, ya ɗaga murya.

"Kawu Baldur, yaushe hannunka ya yi sanyi haka? Wannan ai ba washinka ba ne."

Baldur ya karɓa. Ya ja farce a kan kaifin sau ɗaya. Bai dubi 'yarsa ba, Efren ya duba.

"Tun yaushe?"

"Shekara biyu da 'yan watanni, Baba."

Mazan shagon kofi duk suna wurin. Kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Baldur ya ajiye takalmin a hankali, ya fita, ya bar motarsa ya tafi gida da ƙafa.

A gida Efren ya tsaya a gabansa, hula a hannu. Ya ce laifinsa ne. Ya ce ya zo ne neman auren Signy, kuma ya san ya zaɓi mummunar rana.

"Shekara biyu ina zaune ana yaba min aikin wani," in ji Baldur. "Kuna dakusar da shi ku aiko min, ni kuma ina wasawa kamar wawa. Wanda ya yi min haka zan ba 'yata? Ga ƙofa."

"Baban Signy," in ji Runa, "ka bari yaron ya ci abinci."

"Ya ci a hanya."

Efren na tsayawa shan mai kusa da iyakar Amurka saƙon Signy ya shigo.

"Lorne ya ce kai ka gaya masa, don ya kira ka mai wankin safa. Saboda zagi ɗaya ka tona ubana a gaban gari?"

"Ban faɗa masa komai ba. Na rantse miki."

"Na gan ku kuna magana."

"Shi ke magana, ni ina haɗiyewa. Masoyiyata, ki saurare ni."

"Kada ka sake taɓa takalmina. Abin da Baba ya aiko, da shi zan yi wasa, ko da za a kore ni."

Haka ta yi. Baldur ya ci gaba da aiko da ƙunshi, don shi ba ya fasa abin da ya fara, ko yana fushi. Ita kuma ta sa ƙarfen yadda ya zo. A watan Janairu wasa takwas, sau ɗaya ta zura a raga. Gwiwarta ta fara kumburi. Kocin ƙasa ya kira ta ya ce a watan Maris zai fitar da sunayen masu zuwa gasar duniya a Finland, kuma akwai yara biyu da suka fi ta sauri yanzu. Efren ya ji wannan a bakin 'yan ƙungiya. Kullum takalmanta na rataye a gabansa. Bai taɓa ba.

Wata Asabar a Fabrairu ya tuƙa awa bakwai zuwa arewa. Ya kwana a masauki, da safe ya bi sawun mota a kan tafki har inda Baldur ke jan taru. Sau uku ya faɗi kafin ya isa. Tsoho ya gan shi, bai ce zo ba, bai ce tafi ba.

Efren ya kama igiya. Suka ja. Kifi na fitowa yana daskarewa kafin ya gama shure-shure. Safar hannunsa ta birni ta jiƙe ta zama katako, yatsunsa suka tsage. Bai yi ƙorafi ba. Rami shida suka buɗe.

Da rana ta take Baldur ya zuba kofi a murfin filas, ya sha, ya sake zubawa ya miƙa masa.

"In 'yata ka zo nema, na ba ka amsa."

"Ba ita ba, Baba. Ita ma ta kore ni. Awa ɗaya na zo roƙo. Za su cire sunanta. Ta fi son a cire ta da ta sake ɓata muku rai, kuma ba za ta gaya muku ba."

Efren ya ci gaba.

"Akwai filin cikin ɗaki a babban gari, tafiyar awa ɗaya. Na kama shi ƙarfe uku. Na zo da takalmi daidai ƙafarku da ƙarfe iri biyu, naku da nawa. Ku gwada da ƙafarku. In kun ce ƙarya nake, ba za ku sake ganina ba."

"Wa ya gaya maka lambar ƙafata?"

"Mama."

"Matar nan."

Ya zubar da sauran kofin a kan ƙanƙara. "Ɗauko akwatunan kifin. Kada ka faɗi da su."

Shekarar Baldur sittin da huɗu, kuma bai taɓa sulu a ƙarƙashin rufi mai ɗumi ba. Ya ce na masu kuɗi ne da ragwaye. Ya shiga da washinsa. Ya yi zagaye biyu, numfashinsa ya fara fita da ƙarfi. Ya tsaya ya waiga, ya ga layukan da ya bari a baya, masu zurfi kamar sawun garma a gona. Ya daɗe yana kallonsu.

Ya fito ya miƙa ƙafa. Efren ya durƙusa ya sauya masa ƙarfe.

Ya sake shiga. Ya tura sau ɗaya, ya tafi, ya yi ta tafiya har tsakiyar fili bai ƙara turawa ba. Zagaye uku. Biyar. A na bakwai ya harɗe hannu a baya kamar saurayi, hularsa ta faɗi bai tsaya ɗauka ba.

Da ya fito ya kwance igiyar takalmin da kansa.

"Ƙanƙarar banza," in ji shi. "Kamar kunu."

Suka koma Arnvik. Efren ya ce a huta gajiya. Tsoho ya rufe ƙofar mota ya shiga gida.

Kwana goma ba labari. Efren ya rame. Ranar sha ɗaya ƙunshi ya iso, jarida iri ɗaya, ƙarni iri ɗaya. Amma sunan da ke kai ba na Signy ba ne. An rubuta Efren Magsino da manyan baƙaƙe karkatattu.

Ya buɗe. Sababbin ƙarafa ne goma sha biyu, ba wanda dutsen washi ya taɓa. A ƙasa 'yar takarda: "Kada ka ɓata min ƙarfe. B.T."

Ya zauna a ƙasa da takardar a hannu. Haka Signy ta same shi.

Ta tsaya a ƙofa, takalmanta a wuya. "Mama ta kira ni. Ta ce ka je tafki. Na gaya mata abin da Lorne ya ce, ta ce kunya ta kama ni. Ranar tana bayanku tana raba koko, ta ji komai. Ta ce ko tari ba ka yi ba."

"Na gaya miki."

"Ka gaya min. Na ƙi ji." Ta zo ta durƙusa, ta kama hannunsa, ta ga tsagar yatsun. "Dubi hannunka. Wa ya ce ka je tafki da safar 'yan gayu?"

"Ban san akwai wata iri ba."

"Na zalunce ka, Maƙerina. Ka yafe min."

"Na yafe tun a gidan mai. Karanta wannan."

Ta karanta. Ta sake karantawa. Ta kifa kai a kafaɗarsa ta yi kukan da ba ta yi ba ranar da haƙorinta ya karye. Da ta gama ta share fuska da rigarsa, ta cire takalman daga wuya ta ɗora masa a cinya.

"Tashi. Horo ƙarfe huɗu ne."

Wasa shida suka rage mata a jami'a. Sau tara ta zura a raga. Sunanta ya fito, na biyun ƙarshe a jerin, amma ya fito. Ta tafi Finland da ƙarafa goma sha biyu a jaka.

Kowace safiya saƙo.

"Maƙeri, nan ma kifi suke ci da safe. Kamar gida."

"Gwiwa fa?"

"Lafiya lau. Ka yi kewata?"

"Na ninke rigar wata jiya na rubuta sha bakwai a kai."

"Wawa. Ni ma."

Kanada ta kai wasan ƙarshe. Amurka kuma. Ana jibi wasan wayar Efren ta yi ƙara, lambar Arnvik.

"Lahadi ka zo nan," in ji Baldur. "Talabijin ɗinmu ya fi naku." Ya kashe.

Yamma ce a Finland, tsakar rana a Arnvik. An rufe shago, fasto ya gajarta wa'azi. Duk gari na zauren taro. Baldur ya zauna a gaba, ya ɗora hularsa a kujerar kusa da shi. Da Efren ya shigo ya ɗauke hular.

Biyu da biyu aka tashi, aka shiga ƙarin lokaci, wanda ya fara ci ya ɗauka. Minti shida da farawa wata Ba'amurkiya ta ƙwace faifai ta fita ita kaɗai, ba kowa tsakaninta da mai tsaron raga. Mata suka rufe ido. Sai ga lamba sha bakwai daga baya, daga nesa, kanta a ƙasa. Ta cim mata. Ta ɗaga mata sanda, ta ɗauke faifan, ta yi kwana a wuri ɗaya ba ta zame ba, ta juyo. Ta ratsa biyu. Mai tsaron ragar Amurka ta fito ta tare ta. Signy ba ta harba ba. Ta tura wa ƙaramar cikinsu da ke gefe, raga a buɗe, yarinyar ta saka.

Zauren ya kusa rushewa. Runa ta rungume fasto. Wani tsoho daga baya, don sabo, ya yi ihu, "Washin Baldur!" Sai ya tuna, ya kama baki.

Baldur ya miƙe. Kowa ya juyo.

"Ba nawa ba ne," in ji shi. "Na surukina ne. Ga shi nan."

Lorne ya ce, "Suruki?"

"Kurma ne kai?"

Efren ya miƙe zumbur. Tsoho ya dafa kafaɗarsa da hannu mai nauyi. "Zauna. Za su ɗaga tuta."

Suka kalli tutar tana hawa. Signy na tsaye a layi, zinare a wuya, tana rera taken ƙasa da giɓinta a waje. Baldur bai yi kuka ba. Ya ce hayaƙin murhu ne, duk da ba a kunna murhu ba ranar.

Efren ya rubuta mata: "Sha-bakwai, ya ce surukina. A gaban kowa."

Amsa ta zo bayan awa ɗaya: "Zinare biyu rana ɗaya. Ka sayi kwat, Maƙerina. Ba irin safarka ba."

Ta gama jami'a a watan Mayu. A watan Agusta aka ɗaura aure a ƙaramin cocin Arnvik mai kallon tafki. Baldur ya sa kwat ɗin da ya yi aurensa da shi, ya riƙo hannun 'yarsa tun daga ƙofa har gaban fasto, ya daɗe kafin ya saki. 'Yan ƙungiyarta suka tsaya a waje layi biyu, suka ɗaga sanduna sama, ango da amarya suka bi ta ƙarƙashi. Dangin Efren sun zo mota tara, da tukwanen taliya. Runa ta yi kek goma sha biyu. Lorne ya je ya ba Signy haƙuri tun kafin ranar, ta sa shi suyar kifin mutum ɗari uku, ya soya.

Aka ce uban amarya ya yi jawabi. Ya tashi, ya riƙe bayan kujera.

"Ni ban iya magana ba. Yarinyar ta iya aikinta, kun gani. Yaron ya iya nasa, kuma ya biyo ni har tafki ya gaya min gaskiya a fuskata. Ya makara, amma ya zo. Na ba shi. In kun yi faɗa kada ku kawo min ƙara. A ci kifi kafin ya huce."

Ya zauna. Uwar Efren ta zo ta ja shi rawa, ya ce ba ya rawa, ta ce ita ma'aikaciyar jinya ce, ba a yi mata gardama. Ya tashi.

Mu dai a Arnvik mun ba da 'ya, mun sami ɗa. Allah ya ba su zaman lafiya, ya rufa musu asiri, ya ba su 'ya'ya masu ƙwarin idon sawu.